Daga Nassarawa Zuwa Jami'a: Harshen Koyarwa da Matsalar Bincikensa

A shekarar 1909 ne Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Nassarawa, bayan ganuwar Kano. Gidan da ya zauna yana nan har yau a unguwar, ana ce da shi Gidan Ɗan Hausa. Abin lura game da wannan makaranta shi ne da Hausa ake karantarwa a cikinta. A 1912 kuma Vischer ya fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da boko, don kuwa ba ya yiwuwa a karantar da harshen da ba a daidaita rubutunsa ba. Amma da aka kafa Kwalejin Katsina a 1921, sai Ingilishi ya karɓe karatu mai zurfi, Hausa ta tsaya a elemantare.

Wannan rabo shi jami'a ta gada. Kwalejin Abdullahi Bayero, wadda ta zama reshen Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ta samu Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya a 1969, sannan ta zama jami'a mai cin gashin kanta a 1977. A wancan zamani malami Bahaushe kan tsaya gaban ɗalibai Hausawa yana yi musu bayanin nahawun Hausa da Ingilishi. Hatta littafin nahawu na M. K. M. Galadanci na 1976 da Ingilishi aka rubuta shi. Da aka yunƙura za a koyar da Hausa cikin Hausa, sai aka tarar babu keɓaɓɓun kalmomin da aka yi ittifaƙi a kansu. Wanda ya taso a zaure ya ce fi'ili, wani ya ce aikatau, ɗalibi kuwa, kamar yadda aka saba, shi ke kwana a ciki ran jarrabawa.

Matsalar ba ta Hausa kaɗai ba ce. Malaman Yarabanci da na Ibo sun sha irin wannan fama. A 1984 Ayo Bamgbose ya shirya littafin keɓaɓɓun kalmomin Yarabanci, na Hausa kuwa ya fito a 1990, Ɗalhatu Muhammad ne ya tace shi.

Sai dai ƙirƙiro kalma daban, sanin ko ta shiga kan ɗalibi daban. A nan ne binciken ya yi rauni. A matakin firamare an yi gwaji na gaskiya, wato wanda Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka karantar da yara da Yarabanci shekara 6, aka kwatanta su da waɗanda aka mayar kan Ingilishi tun da wuri. A jami'a irin wannan awo yana da wuya. Ba a raba ɗalibai gida biyu don gwaji alhali digiri ɗaya suke nema, kuma malamin da zai yi binciken shi ne mai koyarwa, shi ne mai ba da maki. Galibi sai a koma ga sakamakon jarrabawa, wanda a fannonin da ake koyarwa da Ingilishi yakan cakuɗa abu biyu: fahimtar darasi, da iya harshen da aka rubuta amsa da shi. Mai bincike da ya ga ɗalibi ya faɗi ba zai iya tantance wanne daga cikin biyun ya kayar da shi ba.