Amsoshin Wasiƙunku: Ina Kyarkecin Dajin Kainji Ya Shiga?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu daga Wara, ta ƙaramar hukumar Ngaski, ya rubuto yana cewa ya ga 'yan makaranta a talabijin suna tsaye dab da kyarkeci a Amurka. Yana so ya ji tarihin abin, kuma ko irin kyarkecin da kakansa ke ba shi labari ne.

AMSA: To malam, mun gode da wannan wasiƙa taka. Da farko dai sunan ɗaya ne, amma dabbobin biyu ne. Wanda ka gani na ƙasashen sanyi ne, ɗan'uwan wanda aka ambata a ƙissar Annabi Yusufu. Namu na Afirka kuwa yana da faffaɗan kunnuwa, jikinsa dabbare-dabbare da baƙi da fari da rawaya, kuma a garke yake farauta.

Su Amurkawa da hannunsu suka kusa ƙarar da nasu, da bindiga da tarko da guba, saboda yana kama musu dabbobi. Zuwa 1926 babu sauran garke ko ɗaya a gandun Yellowstone. Daga baya aka yi da-na-sani. A 1972 wani masani mai suna Erich Klinghammer ya kafa Wolf Park a jihar Indiana, don jama'a su ga dabbar ido da ido, su rage tsoronta. A 1973 aka yi dokar kare dabbobin da ke shirin ƙarewa, sa'an nan a 1995 aka kwaso kyarketai 14 daga Kanada aka kai Yellowstone. Da yawa daga waɗanda ake nuna wa yara a irin waɗannan wurare a hannun mutane aka haife su. Wasu an karɓo su ne daga masu kiwonsu a gida da suka kasa, kuma ba za su iya rayuwa a dawa ba.

Yanzu mu dawo gida. Kakanka bai faɗi ƙarya ba, domin masana sun lissafa kyarkeci cikin namun dajin Borgu, a yammacin Kwara. An keɓe wannan daji a 1962. Sai aikin madatsar Kainji ya zo, daga 1964 zuwa 1968, ruwa ya shanye tsibirai da fadamu, aka tayar da mutane fiye da 40,000, cikinsu har da Gungawan ƙasar Yawuri. Mutum ya koma tudu neman gona, dawa ta ragu. A 1979 aka haɗa Borgu da Zugurma aka yi gandun namun daji na Tafkin Kainji, na farko irinsa a Nijeriya, mai faɗin murabba'in kilomita 5,340.

Amma shi kyarkeci ba ya zama wuri ɗaya, garkensa na bukatar fili mai yawan gaske. Da ya ƙetare iyakar gandu sai ya gamu da tarko, ko mushen da aka sa wa guba, ko ciwon haukan kare daga karnukan ƙauye. Tun 1990 aka sa shi cikin jerin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa. An ƙiyasta saura kamar 6,600 a Afirka duka, galibinsu a kudanci da gabashi. A Afirka ta Yamma, gandun Niokolo-Koba na Senegal ne aka fi sani da ragowarsu.

Ga wani abin mamaki kuma. A 2015 masu bincike suka gano cewa wani nau'in dila na arewacin Afirka da yankin Sahel, a jini ya fi kusa da kyarkecin Turai. Ashe malamin daji dangin manya ne!

Ganin naman daji kurkusa ba baƙon abu ba ne gare mu. Gardawa sun daɗe suna yawo da kura cikin takunkumi, sai dai wannan wasa ne na ban tsoro da sayar da magani, yaro ba ya koyon halin dabbar. Don ilimi kuwa akwai gidan namun daji na Audu Baƙo a Kano, da aka kafa a farkon shekarun 1970, da kwalejin kula da namun daji ta tarayya a Sabuwar Bussa, wadda aka buɗe a 1978.

Malam, abin da ya sami kyarkeci na iya samun dorina da ayu. A 2024 dorina ta kashe wani mutum a Yawuri, aka bi ta aka kashe. Rai ya salwanta, kuma manomin shinkafa da masunci daga Shanga har Ngaski suna da gaskiya in sun koka. To amma in ba a koya wa yara inda dorina ke kiwo da lokacin da take da ɗa ba, za a ci gaba da rasa mutum a rasa dabba, har jikanka ya rubuto mana yana tambayar kamanninta.

Da fatan ka gamsu. A gai da mutanen Wara.