Daga Gaɓar Teku Zuwa Kwanon Kare

Idan muka bi sawun garin ciyawar tekun da ake barbaɗa wa karnuka a abinci, ba kanti zai kai mu ba, gaɓar teku zai kai mu, wurin talakawan Sikotland da Ayaland da Norwe. Su kam dole ce ta sa. Hunturu ya yi tsanani, harawa ta ƙare, sai a kora dabbobi bakin ruwa su ci abin da igiyar ruwa ta tofo. A tsibirin North Ronaldsay ma, a 1832 aka zagaye gonaki da katangar dutse, aka bar tumaki a waje, har ciyawar teku ta zama cimarsu.

A wancan zamani ana ƙona ciyawar ne don tokarta, a yi sabulu da gilashi. Cikin irin wannan toka Bernard Courtois na Faransa ya gano sinadarin ayodin a 1811, kuma a 1820 wani likita a Janeba, Coindet, ya fara maganin maƙoƙo da shi. Daga nan darajarta ta ɗaga, abincin yunwa ya shiga sahun magani. Zuwa 1937 kamfanin Algea a Norwe yana busar da ita yana niƙawa don kiwo.

Kare bai shigo sosai ba sai daga baya. Tun wajen 1860 da James Spratt ya fara sayar da biskit ɗin karnuka a Landan, abincin kanti ke ta mamaye gidaje. Waɗanda ba su gamsu da shi ba suka nemi mafita. Juliette de Bairacli Levy, mai maganin gargajiyar dabbobi, ta yi ta kwaɗaita wa masu kiwo ciyawar teku a tsakiyar ƙarni na 20. Da littafin Ian Billinghurst na Ostareliya ya fito a 1993, ciyar da ɗanyen nama ya yaɗu, kuma tunda tsokar nama ba ta da wadataccen ayodin, garin ya samu gurbi a kwano. A Suwidin kuma, lura da wani likitan haƙori ya yi cewa masu cin ta ba sa tara datti a haƙora ita ta haifi garin ciyawar teku mai suna PlaqueOff, wanda yanzu karnuka ne manyan masu shansa.

Gansakuka ta biyo wata hanya, wadda ta ratsa ta kusa da mu. Matan Kanambu na yankin Tafkin Chadi sun daɗe suna kwasar wani koren kumfa daga kududdufan kanwa, su shanya a kan yashi, su kakkarya shi, a sa a miya. Dihe suke kiransa. A shekarun 1960 masana suka tabbatar sifirulina ce, mai ɗimbin furotin. Yau tana cikin ƙwayoyin da ake ba karnuka a Turai da Amurka.

Sai dai a wannan doguwar tafiya ma'auni ya zama wajibi. Ayodin ɗin da ke hana maƙoƙo, idan ya yi yawa yana rikita aikin ƙwayar maƙoƙo da ke wuyan kare, ga shi abincin kanti an riga an zuba masa nasa. Wasu nau'o'in gansakukar tafki kuwa guba ne mai kashe kare cikin sa'o'i. Shi ya sa likitocin dabbobi ke fara tambayar nauyin karen da abin da yake ci kafin su yarda a ƙara masa ko ɗan cokali.