Jirgin Kara da Jirgin Ƙarfe: Tarihin Dogon da Ya Tsaya a Ƙauran Namoda

Duk wanda ya yi ƙuruciya a Wurno, ko Rabah, ko Goronyo, shekaru hamsin da suka wuce, ba sai an faɗa masa mene ne motar kara ba. Da zarar an gama girbin dawa, kara ya bushe a gonaki, sai yara su duƙufa. A fere ɓawon, a ajiye totuwar, a nemo ƙayar aduwa ta zama ƙusa, a zagaye sakaina ta zama taya. Masu hali cikinmu su ne waɗanda suka sami langalanga da gwangwanin madara, domin motarsu takan kai wata shekarar. Mun ƙera akori-kura da bas da motar Hakimi, kuma duk mun gan su da idonmu kafin mu kwaikwaya. Abu guda ne muka ƙera ba tare da mun taɓa ganinsa ba, shi ne jirgin ƙasa. Dalilin rashin ganin nasa shi ne abin da muke son mu bibiya a wannan fitowa ta mujallarmu, musamman saboda 'yan'uwanmu mazauna Kaduna da Kano da Abuja da Legas, waɗanda 'ya'yansu ke shiga jirgin ƙasa yau, alhali garin kakanninsu bai taɓa jin kukansa ba.

Bari mu fara da namu jirgin. Muna aji biyar wani malaminmu na aikin hannu, Allah Ya jiƙansa, wanda ya yi zama a Zariya, ya zo mana da hoton kan jirgi mai aiki da gawayi, ya ce kowane rukuni ya ƙera irinsa. Rukuninmu ya yi mako biyu yana fama. Muka yi tukunyar ruwa da gwangwani, muka kafa mata bututun hayaƙi na sillen kara, muka jera taragu huɗu. Da muka zo wurin zaman direba, sai muka lanƙwasa waya muka yi masa sitiyari mai kyau, domin a saninmu babu abin hawa mai taya da ba shi da sitiyari. Malam ya duba, ya yi murmushi, ya ce, "Yara, wanda aka shimfiɗa wa hanya ta ƙarfe, me zai yi da sitiyari?" A ranar muka koyi cewa ƙafar jirgi tana da leɓe ta ciki wanda ke riƙe ta a kan dogo, kuma dogon ne ke juya jirgi, direba nasa tafiya da tsayawa. Muka koma muka yanka murafun kwalba muka liƙa a cikin kowace sakaina, muka shimfiɗa kara biyu a jere a kan ƙananan itatuwa, jirginmu ya bi layi bai kauce ba. Shekaru bayan haka, a hanyarmu ta zuwa kwalejin horon malamai, muka tsaya a tashar Gusau muka ga na gaskiya. Ashe har zamanin gawayi ya kusa shuɗewa, kan da ya ja taragun mai shan man dizal ne, ba shi da dogon bututun da muka sha wahalar kafawa.

To, me ya sa sai da muka yi tafiyar fiye da kilomita 200 kafin mu ga jirgi? Amsar tana cikin tarihi.

Kafin zuwan Turawa, wannan yanki namu shi ne maƙurar hanya, wurin da kowa ke nufa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa Wurno ta zama ribaɗi, ya zauna a cikinta, a nan kuma ya rasu a 1837, a nan hubbarensa yake. Ɗansa Sarkin Musulmi Aliyu Babba, wanda ya yi mulki daga 1842 zuwa 1859, shi ma a Wurno ya yi zamansa. Wakilan sarakunan Kano da Katsina da Zazzau da Bauchi da Adamawa nan suke tahowa da gaisuwa. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka a Wurno a 1853, bayan ya keta dajin Gundumi da tafiyar dare da rana ba zango, saboda rashin ruwa da tsoron mahara. A wancan zamani raƙumi da jaki da takarkari su ne jiragenmu, kuma duk inda suka fito, nan suke fuskanta.

Bayan yaƙin Giginya na watan Maris 1903, sai al'amari ya juya. Turawan mulki ba su shimfiɗa dogo don ziyartar manyan garuruwa ba. Buƙatarsu ita ce su kwashe amfanin ƙasa zuwa bakin teku cikin sauƙi. An fara aikin layin Legas a 1896, ya isa Ibadan a 1901. A Arewa kuwa, Gwamna Percy Girouard, wanda shi kansa injiniyan reluwe ne, ya sa aka fara layin Baro zuwa Kano a 1907, daga gaɓar kogin Kwara. Dogo ya isa Kano a 1911, aka haɗe layukan biyu ƙarƙashin hukuma ɗaya a 1912. Talakawa ne suka yi aikin da diga da shebur da kwando, ta hannun sarakuna da hakimai, kuma irin wahalar da aka sha ta sa Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi ya tsara waƙarsa da aka sani da Waƙar Diga. Turawa sun sa ran auduga ce za ta cika taragu, amma manoman Kano suka ga gyaɗa ta fi riba, daga nan aka sami tushen dalar gyaɗa.

Daga wannan babban layi aka riƙa fitar da rassa zuwa duk inda ake da kaya mai nauyi. An ja ƙaramin layi daga Zariya zuwa tudun Jos saboda kuza, aka kammala shi a 1914, aka rufe shi a 1957. An ja wani daga Kano zuwa Nguru, ya isa a 1930. Wanda ya shafe mu shi ne reshen da ya tashi daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya isa Ƙauran Namoda a 1929. Ƙasar auduga da gyaɗa ya bi, kuma a wancan lokaci Gusau da Ƙaura duk cikin Lardin Sakkwato suke. Da an ci gaba da shi ta Shinkafi da Isa, da kwarin Rima ya faɗo, da Goronyo da Wurno sun zama tashoshi. Sai dai shekarar da ya isa Ƙaura ita ce shekarar da tattalin arzikin duniya ya durƙushe. Farashin gyaɗa da auduga da fata ya faɗi warwas, baitulmalin gwamnati ya ƙafe, motocin ɗaukar kaya kuma suka fara yawaita. Bayan kammala gadar Makurɗi a 1932, ba a sake wani babban aikin shimfiɗa dogo ba sai a 1958, lokacin da aka fara layin Barno, wanda ya isa Maiduguri a 1964. Hausawa na cewa wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Gusau, wadda ba ta kai Wurno daraja ba a ƙarni na 19, ta wayi gari da injin gurzar auduga da kantunan kamfanoni da baƙi daga ko'ina, yau kuma ita ce hedikwatar jiha.

Duk da haka kada a ɗauka jirgin bai taɓa rayuwarmu ba. Fatar jar akuyar Sakkwato, wadda ta yi suna a kasuwannin Turai, a kan jakuna da motoci take zuwa Gusau ta hau tarago. Shanunmu ta nan suke bi zuwa Kudu, goro da gishiri da kananzir da atamfa su biyo hanyar su dawo. 'Yan ci-rani daga ƙauyukanmu sun taka da ƙafa zuwa Ƙaura don su hau jirgi. Ɗan Rabah, Sa Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, wanda aka haifa a 1910 kuma ya zama Hakimin Rabah a 1934, an tura shi Gusau a 1938 ya kula da gundumomin gabas, ya zauna a bakin dogo ya ga abin da yake yi wa gari. Hatta langalangar da muke rububi, ɗaurin dilolin kaya ce da jirgi ya kawo. Ashe da guntun kayan jirgi muka yi ta ƙera motocinmu ba mu sani ba.

Da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996, Gusau da Ƙaura suka tafi da ɗan abin da muke taƙama da shi. Tun daga ranar Jihar Sakkwato ba ta da ko taku ɗaya na layin dogo. A halin yanzu kuwa buƙatarmu ta ninka ta da. Madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka kammala a 1984, tana iya riƙe ruwa kubik mita miliyan 942, ga fadamun Wurno da ke ba da shinkafa da albasa da tafarnuwa da alkama. Duk wannan a kan manyan motoci yake tafiya Kudu, tafiyar kwanaki, cikin zafi, ga tsadar mai, ga shingaye, ga rashin tsaron da ya mayar da hanyar Gundumi abin tsoro kamar zamanin Barth. Albasa ba ta jiran kowa, abin da ya ruɓe a hanya kuma daga aljihun manomi yake fita. A gefe guda, an buɗe sabon layin Abuja zuwa Kaduna a 2016, na Legas zuwa Ibadan a 2021, a shekarar kuma aka aza harsashin na Kano zuwa Maraɗi. Alkawarin kawo dogo Sakkwato mun sha jin sa. Ranar da za a zauna zana hanyarsa, wanda ya zo da hujja a hannu shi za a saurara.

A nan ne jirgin kara yake da abin da zai koya mana. A ƙasashen Turai da Amurka da Japan, ƙera ƙananan jiragen ƙasa abu ne da manya masu furfura ke yi da gaske. Kamfanin Märklin na Jamus ya fito da jiragen wasa masu daidaitaccen faɗin layi tun 1891, Hornby na Ingila ya biyo baya a 1920. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa shi ne wanda ake kira HO, inda ake rage kowane abu sau 87. A wannan ma'auni, sabon dogo mai faɗin milimita 1,435 yakan koma milimita 16.5, tsohon dogonmu mai faɗin ƙafa uku da rabi, wato milimita 1,067, ya koma kimanin milimita 12. Masu wannan sha'awa sukan ƙawata kan jirgi da fitilu da lambobi da bututu, har su shafa masa launin tsatsa da ƙura don ya yi kama da wanda ya sha aiki. Sukan gina tuddai da gadoji da tashoshi a kan tebur. A birnin Hambug na Jamus akwai wani gida da aka buɗe a 2001 mai suna Miniatur Wunderland, wanda babu komai cikinsa sai irin wannan, kuma mutane daga ko'ina a duniya suna biyan kuɗi su kalla. Abin da malaminmu ya sa mu yi da kara da sakaina, shi ne wannan, bambancin kawai kayan aiki da ma'auni.

Mun yi shekaru muna shugabancin makarantun firamare, mun kuma ga yadda darasin aikin hannu ya mutu a gabanmu. Da farko yara suna kawo abin da suka ƙera, daga baya suka koma sayo tsintsiya a kasuwa, a ƙarshe aka koma karɓar kuɗi a maimakonta. Mu shugabannin makarantu muna da namu kason na laifin, domin mun ga ana yi muka kawar da kai. Yaron da bai taɓa auna kara ya yanke ba, da wuya ya fahimci ma'auni a darasin lissafi, balle ya yi mafarkin zama injiniya.

Saboda haka muke kawo shawara ga wannan ƙungiya mai albarka. A zaɓi makaranta ɗaya a kowace ƙaramar hukuma cikin ukun nan, a ba ta faffaɗan katako da gam da fenti da abin awo, a sa ɗalibai su gina kwarin Rima a kansa da lakar fadama: tudun da Wurno ke kai, madatsar Goronyo, hanyar Rabah, da kogin kansa. Sa'an nan a ce su shimfiɗa dogo daga Ƙauran Namoda zuwa Sakkwato. Nan take za su ci karo da tambayoyin da injiniyoyi ke fuskanta. Jirgi ba ya hawan tudu mai tsini, to a gindin Wurno za a yi tasha ko a ina? Fadama tana cika da damina, kamar yadda ambaliyar 2010 ta nuna mana, to yaya tsayin gada zai kasance? Wace kasuwa ce ta fi cancantar wurin lodin albasa? 'Ya'yanmu injiniyoyi da masu safiyo da ke birane su ba da kwana biyu cikin hutunsu su duba aikin, tsofaffin da suka yi ci-rani ta Ƙaura kuma a gayyato su su ba da labari a rubuta tun suna raye. A taron shekara mai zuwa a baje abin a gaban jama'a, a ba rukunin da ya fi gwaninta kyauta.

Kuɗin wannan bai kai na abincin taro guda ba. Idan dogo ya zo a zamaninmu, za a tarar muna da taswira da hujja da matasan da suka san abin da ake magana a kai. Idan kuma ya yi jinkiri, mun dai mayar wa yaranmu da wuƙa da kara a hannu, kuma cikinsu ba za a rasa wanda zai gina na ƙarfe ba. Da yayyafi kogi kan cika.

Allah Ya jiƙan magabatanmu da malamanmu, Ya zaunar da yankinmu lafiya, Ya kai mu baɗi da rai da ƙoshin lafiya.