Ramukan Kuza da Lissafin Ambaliya a Jos

Daren 22 ga Yulin 2012, bayan ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, madatsar Lamingo ta tumbatsa, ruwa ya bi rafi ya afka wa Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo, ya ci rayuka fiye da 30. Tun daga nan masana ke ta gina lissafin kwamfuta da zai faɗi inda ruwa zai bi da yawan da zai taru. Ana ɗauko taswirar tudu da kwari, galibi wadda kumbon Endeavour na Amurka ya auno a Fabrairun 2000, a zuba ta cikin manhaja irin SWAT tare da bayanan ruwan sama da irin ƙasa, sannan a yi ta gyara lissafin har ya dace da abin da aka auna a bakin kogi. Dabarar tana da kyau, amma a tsaunin Jos ba za ta yi gaskiya ba sai an haɗa ta da tarihin haƙar kuza.

Dalili kuwa, hannun mutum ne ya sake fasalin doron ƙasar da ke tsakanin Jos da Bukuru, inda Daɗin Kowa take. Daga farkon shekarun 1900 kamfanonin Turawa suka shiga bin kuza a gindin rafuka, kuma wanke ta sai da ruwa mai yawa. Don haka suka datse ƙoramu, suka yanka dogayen lambatu a gefen tudu suna janye ruwa daga wannan kwari zuwa wancan, suka bar tsibin ƙasa da ɗaruruwan kududdufai masu zurfi, irin na Rayfield da yau ake zuwa shan iska. Aikin ya fi tsanani a Yaƙin Duniya na Biyu, zamanin ɗiban gwamna, wato aikin tilas, lokacin da kuzar da aka fitar a 1943 ta haura tan dubu 17. To, taswirar kumbon nan tana ɗaukar fili mai faɗin mita 30 a matsayin ɗigo guda. Lambatun da yaro zai tsallake ba ya fitowa a cikinta, alhali shi ke yanke hukuncin ko ruwan wani tudu zai faɗa kogin Dilimi ya nufi Jama'are da Tafkin Chadi, ko ya gangara yamma zuwa kogin Kaduna.

Wani zai ce ai amfanin daidaita lissafi da awon kogi ke nan, ya shafe irin wannan kuskure. Sai dai lissafi na iya dacewa da awo bisa dalilin ƙarya: a ɗora wa ƙasa shan ruwan da kududdufi ne ya riƙe shi. A damina mai sauƙi ba a gane bambancin. Ranar da kududdufin ya cika ya fara amai, ƙasar da aka zata tana sha ba ta shan komai, kuma wannan ce ranar da ake buƙatar lissafin.

Akwai kuma masu ganin taswirorin Turawa, inda za a samo tarihin haƙar kuzan, an zana su ne don kwasar arziki, ba don kare talaka ba. Haka ne. Amma mai neman kuza ba ya wasa da wurin ruwa, shi ya sa rahoton J. D. Falconer na 1921 kan filayen kuza da zanen filayen haya na kamfanoni irin ATMN suka cancanci a ɗora su kan hoton tauraron ɗan Adam, sannan mai awo ya sa takalmi ya bi lambatun da ƙafa, ya ga wanda ya cike da wanda aka yi gini a kansa.