Bumba: ƙauyen bakin Kwara inda yaƙin Isa Korombe ya ƙare

Duk malamin da ya taɓa zama a Yamai ya san Lise Isa Korombe, makarantar da ta yaye ɗimbin ma'aikatan ƙasar nan. Amma in aka tambayi ɗalibanta inda mai wannan suna ya kwanta dama, kaɗan ne za su amsa. Amsar kuwa tana wani ƙaramin ƙauye na bakin kogin Kwara mai suna Bumba, a gundumar Falmai ta jahar Doso, tsakanin Sayi da Gaya. Wannan maƙala za ta duba wurin da ƙauyen yake, da mutanen da ke cikinsa, da abin da ya auku a ƙasarsa a shekarar 1896.

Kafin a fahimci tarihin Bumba, sai an fahimci shimfiɗar ƙasarsa. Ƙauyen yana daidai inda Dallol Boso, wanda Zabarmawa ke kira Boboi, yake gangarowa ya sadu da Kwara. Dallol ɗin tsohon kwarin gulbi ne da ya taso tun daga Azawak a arewa. Ruwansa ya daina gudu tun zamanin da, amma ya bar ƙasa mai dausayi, da ruwa kusa da hannu, da kanwa, da makiyaya mai kyau. A tsallaken kogi kuma, kusa da nan, gulbin Mekuru ke zubowa cikin Kwara, kuma shi ne ya raba Nijar da Benin ta wannan ɓangare. Saboda haka Bumba mahaɗar hanyoyi ce guda uku: hanyar jirgin ruwa, hanyar dabbobi da fatake ta cikin Dallol, da mashigar da ke kai mutum ƙasar Gurma da Borgu.

Wuri irin wannan ba ya zama na ƙabila ɗaya. A Bumba da kewayensa akwai manoma Zabarmawa da Dandawa, akwai Fulani makiyaya da ke saukowa da shanu bakin kogi lokacin rani, akwai kuma masunta, cikinsu har da masu magana da Hausa da suka biyo kogi daga ƙasar Kabi da Yawuri suka kafa tungaye. Ranar kasuwa jirage kan taru daga gaɓa biyu, a kawo kifi banda da shinkafa da gero da dabbobi, ana ciniki da Zabarmanci da Fulatanci da Hausa. Rayuwar mutanen nan kogi ne ke tsara ta, domin sau biyu yake cika a shekara. Akwai jan ruwa na damina, wajen watan Agusta da Satumba, wanda ruwan sama na yankin ke kawowa. Akwai kuma ruwan da ke tasowa daga duwatsun Gini, wanda ba ya isowa sai cikin ɗari. Mai noman shinkafa da mai taru da mai garke, kowa da wannan kalanda yake aiki.

Albarkar Dallol ɗin ita ce ta jawo masa rikici. A farkon ƙarni na 19, wani malami Bafulatani mai suna Bubakar Lududji, wanda ya bi jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya nemi ya shimfiɗa ikonsa a kan Boboi. Gidansa ya kafu a Tamkala a ƙarƙashin inuwar Gwandu, kuma Zabarmawan gabas sun daɗe suna jin nauyin wannan mulki. A 1849 Kabawa suka yi tawaye ga Gwandu a ƙarƙashin Yakubu Nabame, Argungu ta zama cibiyarsu. Wannan tawaye ya ba Zabarmawa da Dandawa da Arawa ƙarfin gwiwa, suka haɗa kai da Kabi. A cikin wannan yaƙi ne sunan Isa Korombe na Koigolo ya fito, tare da Dauda Bugaran. Suka ci Tamkala, gidan Lududji ya tarwatse, Isa kuwa ya zama babban jarumin Boboi har aka yi masa laƙabi da Wangunya, wato uwar yaƙi.

Amma wanda aka kora daga gidan ubansa ba ya mantuwa. Bayero, jikan Bubakar Lududji, ya yi shekaru yana neman wanda zai taimake shi ya koma. Taimakon ya zo masa daga nesa ƙwarai. Faransawa sun ƙwace Segu a 1890, suka ƙwace Banjagara a 1893, sai Ahmadu Sheku, ɗan Alhaji Umaru Tal na Futa, ya yo hijira gabas da jama'arsa. Tare da shi akwai Ali Buri Njai, sarkin Jolof na ƙasar Senegal, wanda shi ma Faransawa suka raba da sarautarsa. Waɗannan Futawa gogaggun mayaƙa ne, kuma suna riƙe da bindigogi. Bayero ya ƙulla ƙawance da su.

A 1896 rundunonin biyu suka gamu a Bumba, kuma ba abin mamaki ba ne da aka gamu a nan, tun da ƙauyen shi ne ƙofar Dallol daga wajen kogi. Isa Korombe, wanda a lokacin ya manyanta, ya faɗi a fagen daga tare da mayaƙa masu yawa. Har yau maroƙan Zabarma da ake kira jasare suna ba da labarin wannan rana da kiɗan molo, kuma an ɗauki muryoyin mashahuransu irin su Jaliba Baje da Jado Seku.

Abin da ya kamata mai nazari ya lura da shi shi ne abin da ya biyo baya. A wannan shekara ta 1896, tawagar wani hafsan Faransa mai suna Hourst ta yi watanni a wani tsibiri kusa da Sayi tana auna kogin. Ahmadu Sheku ya wuce ƙasar Sakkwato, ya rasu a can a 1897. A 1898 Faransawa suka kafa bariki a Doso da yardar Zarmakoi Atiku, wanda mutuwar Isa ta bar shi cikin neman majingina. Bayero ya samu komawa, har aka san Birnin Gawure da sunan Birnin Bayero, amma a ƙarƙashin tutar baƙo. Wanda ya ci yaƙin Bumba da wanda aka ci, cikin shekara biyu duk sun wayi gari da ubangida ɗaya.

Kogin da ya haɗa mutanen gaɓa biyu sai ya koma iyaka. Bayan samun mulkin kai a 1960, Nijar da Dahome, wato Benin ta yau, suka yi ta jayayya a kan tsibirin Lete da sauran tsibiran kogin. Ba a warware ba sai ranar 12 ga Yuli 2005, da Kotun Duniya da ke ƙasar Holan ta yanke hukunci: tsibirai 16 na Nijar ne, 9 na Benin. A cikin rabon Nijar akwai Lete, akwai kuma biyu masu ɗauke da sunan ƙauyen nan, Bumba Baru Beri da Bumba Baru Kaina, wato babba da ƙarami. A tsallake kuma akwai dajin W, wanda ya samu sunansa daga lanƙwasar da kogin ke yi a sama da Bumba. An mai da shi gandun daji na ƙasa a 1954, hukumar UNESCO ta sa ɓangaren Nijar cikin kayan gadon duniya a 1996, shekara ɗari cif bayan yaƙin.

To, me ya rage ga malamai da ƙungiyoyin al'adu? A ajinmu ɗaya jikokin mayaƙan Isa suke zaune da jikokin mutanen Bayero. Idan muka koyar da Bumba da bakin jasare kaɗai, Bayero zai zama wanda ya kawo baƙi suka kashe jarumi. Idan muka koyar da shi da bakin gidan Birnin Gawure kaɗai, Isa zai zama wanda ya kori mutane daga gadonsu. Kowane ɓangare yana da nasa gaskiyar, kuma yaro yana da haƙƙin ya ji duka biyun, ya ji kuma ruwayar Argungu da ta Gwandu. Dattawan da suka karɓi labarin daga bakin kakanninsu suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Aikin da ke gabanmu shi ne a ɗauki muryoyinsu, a rubuta da Zabarmanci da Fulatanci da Hausa, a kai makarantu, domin ɗalibin da ke shiga ƙofar Lise Isa Korombe kowace safiya ya san inda Bumba yake da abin da aka yi asara a can.