Daga karatu kyauta zuwa fam 9,000: alkawuran jam'iyyun Ingila da ƙuri'unsu

Har zuwa 1997, ɗan ƙasar Ingila da ya samu gurbin digiri na farko ba ya biyan ko sisi da sunan kuɗin karatu. Dokar ilimi ta 1962 ta ɗora wa ƙananan hukumomi wannan nauyi, har da ba ɗalibi tallafin ci da sha gwargwadon ƙarfin iyayensa. A yau ɗalibin gida yana biyan fiye da fam 9,000 a shekara, akasari da bashin gwamnati. Manyan taku uku aka yi a majalisa kafin a iso nan, kuma a kowanne akwai hannun jam'iyyar da ta riga ta shaida wa masu zaɓe cewa ba za ta yi ba.

Matsalar ta gaske ce, ba wanda ya ƙirƙire ta. A farkon shekarun 1960 kusan matashi ɗaya cikin ashirin ne ke shiga jami'a. Zuwa tsakiyar shekarun 1990 sun kusa kai ɗaya cikin uku, kason da gwamnati ke kashewa a kan kowane ɗalibi kuwa sai raguwa yake yi. A 1996 gwamnatin John Major ta Conservative ta kafa kwamitin Ron Dearing da yardar jam'iyyar Labour, aka tsara rahoton ya fito bayan zaɓen 1997. Da haka manyan jam'iyyun biyu suka kawar da maganar daga yaƙin neman zaɓe. Ana gab da zaɓen, shugaban Labour, Tony Blair, ya ce ba ta da shirin sa wa ɗalibai kuɗi. Ya hau mulki a watan Mayu, rahoton ya fito a Yuli, a 1998 aka fara karɓar fam 1,000 a shekara daga masu hali, aka kuma maye gurbin tallafin ci da sha da rance.

Karo na biyu ya fi fitowa fili, domin a rubuce yake. Kundin manufofin Labour na zaɓen 2001 ya ce jam'iyyar ba za ta bar jami'o'i su ƙara kuɗi a kan wanda ake biya ba. Ba a cika shekara biyu ba gwamnati ta fito da shirin ba su damar karɓar har fam 3,000. Hujjarta ita ce sabon kuɗin ba zai fara aiki ba sai 2006, bayan wani zaɓen, don haka wai alkawarin bai karye ba. Fiye da 70 daga cikin 'yan majalisar Labour ba su yarda da wannan hujja ba. Ranar 27 ga Janairun 2004 ƙudurin ya tsallake karatu na biyu da ƙuri'a 316, masu adawa 311, alhali gwamnatin na da rinjayen kujeru fiye da 160. Jam'iyyar Conservative ta yi adawa da ƙudurin, har ta shiga zaɓen 2005 da alkawarin soke kuɗin baki ɗaya.

Amma wadda ta fi cin moriyar fushin ɗalibai ita ce Liberal Democrats, jam'iyya ta uku, wadda ta daɗe ba ta ɗanɗana mulkin ƙasa ba. Adawa da kuɗin jami'a da adawa da yaƙin Iraƙi suka taimaka mata ta karɓe mazaɓun da ɗalibai suka yi yawa, irin su Cambridge da Bristol ta Yamma, a 2005. Kafin zaɓen 2010 ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, NUS, ta fito da takardar alkawari: duk ɗan takarar da ya sa hannu ya ɗauki nauyin jefa ƙuri'ar ƙin duk wani ƙarin kuɗi a majalisa mai zuwa. Shugaban jam'iyyar, Nick Clegg, ya sa hannu, aka ɗauke shi hoto riƙe da takardar. Duka 'yan jam'iyyar 57 da suka ci zaɓe sun sa hannu. Kundin manufofinsu ma ya yi alkawarin soke kuɗin sannu a hankali cikin shekara shida.

A gefe guda kuma an sake maimaita dabarar 1996. A ƙarshen 2009 gwamnatin Labour ta kafa kwamitin Lord Browne, tsohon shugaban kamfanin mai na BP, shi ma rahotonsa sai bayan zaɓe. Zaɓen Mayun 2010 bai ba kowa rinjaye ba, David Cameron na Conservative ya kafa gwamnatin haɗin gwiwa da Liberal Democrats, Clegg ya zama mataimakin firaminista, Vince Cable na Liberal Democrats ya riƙe ma'aikatar da jami'o'i ke ƙarƙashinta. Yarjejeniyar haɗin gwiwar ba ta kare alkawarin ba, iyakarta ta ba 'yan jam'iyyar damar ƙaurace wa ƙuri'a idan sakamakon rahoton bai yi musu ba. Daga baya jaridar Guardian ta fallasa takardun cikin gida da ke nuna cewa tun watan Maris, kafin zaɓe, masu shirya wa jam'iyyar tattaunawar haɗin gwiwa sun riga sun yanke cewa ba za su kafe a kan batun ba. Wannan ne ya fi yi wa ɗalibai ciwo, kuma suna da gaskiya.

Browne ya ba da shawarar a cire iyaka gaba ɗaya. Gwamnati ta tsaya a fam 9,000, daga 3,290. Dubban ɗalibai suka cika titunan Landan, wasu suka kutsa ginin hedikwatar Conservative da ke Millbank a watan Nuwamba. Ranar 9 ga Disamba aka kaɗa ƙuri'a: 323 suka amince, 302 suka ƙi. Cikin 'yan Liberal Democrats, 28 suka goyi baya, 21 suka ƙi, 8 ba su jefa ba. Tsofaffin shugabannin jam'iyyar biyu, Charles Kennedy da Menzies Campbell, suna cikin waɗanda suka cika alkawari. Da a ce waɗancan 28 sun bi abin da suka sa wa hannu, da ƙudurin ya faɗi.

Masu kare Clegg suna da abin faɗa. A tsarin da aka amince da shi a 2010 ba a biyan komai a gaba, sai albashin wanda ya kammala ya kai fam 21,000 a shekara maimakon 15,000 zai fara biya, abin da ya rage bayan shekara 30 kuma a yafe shi. 'Ya'yan talakawa ba su daina shiga jami'a ba kamar yadda aka yi fargaba. Suna kuma cewa jam'iyyar ba ta ci zaɓe ba, dole ta sassauta. A ganina wannan hujja ta ƙarshe ba ta tsaya ba. Kundin manufofi yana faɗin abin da jam'iyya za ta yi idan ta kafa gwamnati, takardar NUS kuwa magana take a kan ƙuri'ar mutum ɗaya, wadda take hannunsa ko yana mulki ko yana adawa. A Satumban 2012 Clegg ya nemi afuwa, amma a kan ɗaukar alkawarin da bai da tabbacin cikawa, bai ce ƙuri'ar kuskure ce ba. A zaɓen 2015 kujerun jam'iyyar suka faɗo daga 57 zuwa 8, shi kansa ya rasa tasa a Sheffield a 2017. Keir Starmer ma ya yi alkawarin soke kuɗin lokacin da yake neman shugabancin Labour a 2020, ya janye a 2023, gwamnatinsa ta ɗaga shi zuwa fam 9,535 a 2025.

Abin da ya sa ake iya ba da wannan labari da alƙaluma shi ne yadda majalisar ke kaɗa ƙuri'a. Idan aka yi jayayya, 'yan majalisa sukan rabu zuwa zaure biyu, na masu amincewa da na masu ƙi, a rubuta sunan kowa, a buga a kundin majalisa da ake kira Hansard. Ɗalibin da ya ga sa hannun wakilinsa a watan Afrilu yana iya duba inda sunansa ya faɗa a Disamba.

A Majalisar Tarayyar Najeriya kuwa, mafi yawan ƙudurori da murya ake yanke su, shugaba ya buga guduma, ba a san wa ya ce me ba. A Yulin 2021, da Sanata Enyinnaya Abaribe ya nemi a kira sanatoci ɗaya bayan ɗaya kan aika sakamakon zaɓe ta na'ura, aka samu 52 da 28, washegari jaridu suka buga sunayen. Duk ɗan takarar majalisa da ya zo neman ƙuri'arku, ku tambaye shi ko zai goyi bayan a riƙa rubuta sunan kowane wakili a kan duk muhimmin ƙuduri, ku kuma nemi amsar a rubuce.