EUCAP Sahel Nijar: Yadda Aka Kafa Ta, Yadda Ta Bunƙasa, Yadda Aka Sallame Ta

A shekarar 2012 Nijar ta samu kanta a tsaka mai wuya. Daga arewa, Libiya ta wargaje bayan kashe Gaddafi a Oktoban 2011, makamansa suka bazu cikin hamada. Daga yamma, 'yan tawaye da masu iƙirarin jihadi sun ƙwace Kidal da Gao da Tumbuktu a Mali. Tun kafin nan ma an ga alama: an sace ma'aikatan kamfanin Areva a Arlit a Satumban 2010, aka kuma ɗauke wasu samari Faransawa biyu daga wani gidan cin abinci a tsakiyar Yamai a Janairun 2011. Wannan ne ya sa gwamnatin Mahamadou Issoufou ta nemi Tarayyar Turai ta kama mata.

A watan Yulin 2012 Tarayyar ta amince da kafa tawagar EUCAP Sahel Nijar, ta fara aiki a Yamai cikin Agusta, da wa'adin shekara biyu da ƙwararru kimanin 50. Shugabanta na farko ɗan Sifaniya ne, Francisco Espinosa Navas. Ba rundunar yaƙi ba ce. 'Yan sanda ne da jandarmomi da masana shari'a da ƙasashen Turai suka ba da aro, ba su da hurumin kama ko da ɓarawon akuya. Aikinsu horarwa ne, da ba da shawara, da samar da kayan aiki.

Matsalar da suka tarar tsohuwa ce. 'Yan sanda, jandarma, Garde Nationale da soja, kowa na cin gashin kansa, labarin da wannan ya samu ba ya isa kunnen wancan. Don haka tawagar ta mai da hankali kan cibiyoyin haɗin gwiwa a jihohi, inda gwamna zai zauna da shugabannin tsaro a teburi ɗaya idan abu ya taso. Ta kuma koyar da binciken kimiyya: killace wurin da aka yi aika-aika, ɗaukar hoton yatsa, adana shaida yadda alƙali zai karɓa. Harin ƙunar baƙin wake na Agadas da Arlit a Mayun 2013, da na Boko Haram a Bosso da Diffa a Fabrairun 2015, suka nuna cewa buƙatar ba ta wasa ba ce.

A 2015 ne akalar ta karkata. Jiragen ruwa na ta nutsewa da baƙin haure a tekun Bahar Rum, hankalin Turai ya tashi, idonta ya koma kan Agadas. A watan Mayu Nijar ta kafa doka mai lamba 2015-36 da ta haramta safarar baƙin haure, aka ƙara wa EUCAP wannan aiki, ta buɗe reshe a Agadas a 2016. Kafin lokacin, duk ranar Litinin ayarin motocin Hilux kan bar garin zuwa Libiya a bainar jama'a, fasinjoji a baya sun zuro ƙafafu waje, kowa riƙe da sandar da aka kafa a jikin mota, jarkokin ruwa na reto. Direba, mai masauki, mai sayar da jarka da rawani, duk a nan suke ci. Da aka fara aiwatar da dokar a zamanin da Mohamed Bazoum ke ministan cikin gida, aka tsare direbobi, aka ƙwace motoci, waɗanda suka rage suka koma bin ɓarauniyar hanya nesa da rijiyoyi.

Ta fuskar girma kuwa, tawagar ta yi ta faɗaɗa. An sabunta wa'adinta sau da dama, aka kafa mata ƙanwa a Mali. Da kuɗin Jamus da Holan ta taimaka aka kafa rundunar sintirin iyaka mai 'yan sanda kimanin 250 a Birnin Ƙonni, dab da Illela ta jihar Sakkwato, inda masu fasa-ƙwauri da 'yan bindiga ke tsallakawa.

Juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya yanke wannan tafiya. A Nuwamba Janar Abdourahamane Tiani, wanda ya karɓi mulki, ya soke dokar 2015-36, mutanen Agadas da dama suka yi na'am. Ranar 4 ga Disamba, daidai lokacin da mataimakin ministan tsaron Rasha ke ziyara a Yamai, gwamnatin soja ta soke yarjejeniyar EUCAP. A 2024 tawagar ta tattara nata ya nata.

Nijar ce ta gayyace ta don damuwar Nijar, amma bayan shekara uku kacal aka ɗora mata damuwar Turai, talaka kuma da wannan fuskar ya san ta. Jami'an da ta horar suna nan a bakin aiki, ilimin bai bi ta ba. Ita kanta tawagar kuwa a kan yardar fadar shugaban ƙasa da ma'aikatar cikin gida kaɗai ta tsaya, shi ya sa da masu fadar suka sauya, takarda ɗaya ta isa ta sallame ta.